Guringuntsin roba a tiyatar gyaran hanci: inda yake zama lafiya da inda yake ɓarna

Abin da asibitocin kwalliya ke kira guringuntsin roba sunan kasuwa ne kawai. Ba shi da jini, ba ya girma, ba ya warkar da kansa, kuma jiki ba ya taɓa ɗaukarsa a matsayin nasa. Baƙo ne da aka saukar a ƙarƙashin fata, jiki ya haƙura da shi muddin bai matsa wa kowa ba. Duk dabarar aikin ta taru a kan wannan: a sa shi a inda fata ba ta motsi, a sa siriri, a bar tsinin hanci ga guringuntsin mutum na kansa. Sau da yawa hancin da ya lalace bayan shekara biyar ko goma, an saɓa wa ɗaya daga cikin ukun nan ne tun ranar tiyata.

Kafin komai a san ginin hancin. Sulusin sama na karan hanci ƙashi ne. Daga nan zuwa ƙasa guringuntsi ne: akwai biyu a gefe da gefe na tsakiyar kara, akwai biyu masu lanƙwasa da ke ba tsini siffarsa, sai katangar da ta raba kafafen hanci biyu, wadda ita ce ginshiƙin da komai ya dogara a kai. A yawancin mutanenmu, kamar yadda yake a Gabashin Asiya, ƙashin hanci gajere ne, karan a kwance, fatar tsini mai kauri da maiƙo, guringuntsin katanga kuma ƙarami ne mai laushi. Wato mai son a ɗaga masa kara yana bukatar kayan gini da yawa, alhali abin da ke cikin hancinsa kaɗan ne. Wannan giɓin ne roba ta shigo ta cike, shi ya sa ta fi karɓuwa a Koriya ta Kudu, Tailan da Sin fiye da Turai, inda galibin aikin rage ƙusumbin hanci ne.

Irin robar da za a nuna maka

Silikon mai tauri shi ne na farko kuma mafi araha. Sumul yake, babu rami ko ɗaya a jikinsa, don haka nama ba ya shiga cikinsa. Jiki yakan kewaye shi da wata siririyar jakar tabo ya bar shi a ciki. Amfaninsa a nan yake: idan ya ba da matsala, fitar da shi aikin mintuna ne. Illarsa ma a nan take, domin abin da bai kama nama ba yana iya zamewa ya karkace, jakar tabon kuma tana iya tsukewa ta ja hancin sama. Bayan shekaru goma ko fiye sau da yawa akan tarar wani farin ɓawo mai kama da alli ya taru a bayansa, har a riƙa jin gurzo-gurzo idan an shafa karan.

Silikon iri biyu ne ta fuskar siffa, kuma wannan bambancin ya fi sunan kamfanin da ya ƙera shi muhimmanci. Akwai miƙaƙƙe mai kama da ƙaramin kwale-kwale da aka kife, wanda ke kwanciya a kan kara kawai ya tsaya kafin tsini. Akwai mai gwiwa kamar harafin L, wanda ke bin kara ya lanƙwasa a tsini ya sauka tsakanin kafafen hanci kamar dogari. Mai gwiwar yana burge mutum a makon farko, domin da abu ɗaya an ɗaga kara an fito da tsini. Amma duk nauyin fatar da aka miƙe yana sauka ne a kan gwiwar nan, wuri ɗaya da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Kullum mutum yana dariya, yana fyace majina, yana goga hanci a matashi. A hankali fatar wurin takan yi siriri, ta yi ja, ta yi sheƙi, wata rana robar ta leƙo. Idan likita ya ciro mai gwiwa daga aljihun tebur ya ce shi zai sa, a nemi ra'ayin wani likitan kafin a biya ko sisi.

Irin roba na biyu shi ne wanda aka fi sani da Gore-Tex, daga dangin robar da ake shafe kaskon da abinci ba ya kamawa. Bob Gore ya gano yadda ake miƙe ta ta zama mai ƙananan ramuka a 1969, kuma likitocin jijiyoyin jini sun daɗe suna amfani da ita kafin ta shigo hanci. Ramukanta na tsakanin maikiron 10 zuwa 30 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), abin da ya isa nama ya ɗan kama ta ta zauna wuri ɗaya. Laushi gare ta, tana zuwa falle-falle masu kaurin milimita 1, 2 ko fiye, likita ya jera su ya fiƙe gefensu. A hannu ta fi silikon kama da hancin da Allah ya halitta. Sai dai takan ɗan lotse bayan wani lokaci, tudun ya ragu, kuma ramukan da nama ke kamawa su ne ƙwayoyin cuta ke ɓuya a ciki. Wani nazari da aka buga a 1999 kan mutum 309 ya samu cewa wajen kashi 3 cikin 100 sai da aka cire musu ita saboda ta harbu. Abin lura a nazarin shi ne rabe-raben: kusan kashi 1 ga waɗanda aka yi wa tiyata karon farko, sama da kashi 5 ga waɗanda aka sake buɗe hancinsu. Hancin da aka taɓa yanka jininsa ya ragu, ba ya iya kare baƙo.

Na uku Medpor ne, roba mai tauri da manyan ramuka, sama da maikiron 100. Nama da ƙananan jijiyoyi suna ratsa ta sosai, ta zauna daram. Ranar cirewa ake gane illarta, domin sai an yanko ta tare da naman da ya shige ta, wani lokaci har fatar ta huje. A ƙashin kunci ko ramin ido tana da amfani. A sashen hanci mai motsi, musamman a matsayin dogarin tsini, likitoci da yawa sun daina sa ta.

Sai kuma masu narkewa. Akwai farantin PDS, da irin zaren ɗinkin tiyata aka yi shi, yana narkewa cikin wata shida ko makamancin haka. Akwai ragar PCL da ake bugawa da na'ura, tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku. Waɗannan kamar katakon da magini ke tokare siminti da shi ne kafin ya bushe. Suna riƙe guntayen guringuntsin mutum su haɗe. Ba su maye gurbin guringuntsin ba, kuma idan aka ɗora musu nauyin tsini su kaɗai, ko su fasa fatar ciki kafin su narke, ko tsinin ya faɗi bayan sun narke.

A gefe guda, neman abin da zai zauna a hanci bai ruɓe ba tsohon al'amari ne. Malamai suna kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Daga nan ne ake tattauna bambancin gyaran lahani da neman ƙarin kyau, kuma wannan tambaya ce ta malaminka, ba ta likita ba. A Turai kuwa, wajen shekarar 1900 an yi yayin allurar kakin farafin, ya bar mutane da ƙulle-ƙulle a fuska, sannan aka gwada hauren giwa.

Wanda bai kamata a sa wa roba ba

Mai huda a katangar hanci, domin ƙwayoyin cuta suna da ƙofa a buɗe. Wanda aka taɓa cire wa roba saboda mugunya. Mai fata siririya da ake hango jijiyoyi a cikinta. Mai ciwon suga da bai daidaita ba. Mai ciwon kogon hanci da ke yawan dawowa da majina mai wari, sai an warkar da shi. Mai wasan dambe ko kokawa. Yaron da fuskarsa ba ta gama girma ba, wato ƙasa da shekara 17 ko 18.

Abu biyu sun fi shafar mutanenmu, kuma likitan waje ba lallai ya tambaya ba. Na farko man bilicin. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke sirantar da fata, ya rage mata juriya ga ƙwayoyin cuta, ya jinkirta warkewar rauni. Fatar da ta sha shafe-shafe shekara da shekaru ba ta da ƙarfin rufe roba. A faɗa wa likita gaskiya, a kai masa kwalbar ya karanta, a daina watanni kafin aiki bisa shawararsa. Na biyu sikila. Mai ita yana bukatar shiri na musamman kafin maganin sa barci, na ruwan jiki da iskar shaƙa da ɗumi, wani lokaci har ƙarin jini. Ba aikin ƙaramin asibitin kwalliya ba ne.

Taba da shisha a bar su aƙalla mako huɗu kafin aiki da mako huɗu bayansa, domin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da fatar tsini ke rayuwa da su. Asfirin da dangoginsa a tsayar mako ɗaya zuwa biyu kafin aiki, amma wanda likitan zuciya ya ɗora a kai kada ya tsayar da kansa. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a ambace su.

Yadda aikin yake tafiya idan an yi shi daidai

Ana farawa da awo mutum yana zaune. A sa alamar tsakiyar fuska, a sa alamar inda karan zai fara tashi. Wurin nan yana tsakanin layin gashin fatar ido ta sama da tsakiyar ƙwayar ido. Idan aka haura da shi zuwa tsakanin gira, sai hancin ya fito kai tsaye daga goshi kamar an dasa sanda, kuma wannan ita ce alamar da ake gane hancin roba da ita daga nesa.

A ɗakin tiyata ana aske gashin kafafen hanci a wanke cikinsu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin bakin hanci matattarar ƙwayar sitafilokokus ce ko a jikin mai lafiya. Ana ba da maganin rigakafi ta jijiya kafin wuƙa ta taɓa fata. Shiga iri biyu ce: ko a yanka ta cikin kafafen hanci kawai, ko a ƙara ɗan yanka a fatar da ke tsakaninsu a ɗage fatar hancin gaba ɗaya. Idan za a gina tsini, ta biyun ta fi, domin likita yana ganin komai da idonsa.

Daga nan sai aljihun da robar za ta kwanta. A kan ƙashi akwai wata tantani mai ƙarfi da ta manne masa. Dole a ɗaga ta a tura robar ƙarƙashinta, ta danne ta a jikin ƙashi. Robar da aka sa a saman tantanin ita ce wadda mutum ke kamawa da yatsa biyu ya kaɗa ta hagu da dama. Aljihun kuma ya zama daidai wa daida. In ya yi faɗi robar za ta yi yawo, in ya matse za ta lanƙwashe ko ta turo ƙasa. Aljihun da aka haƙa ta kafa ɗaya kawai yakan karkata, saman robar ya nufi ɗaya gefen, shi ya sa masu hankali ke haƙawa ta ɓangarorin biyu. Idan akwai ɗan tudu a ƙashin, sai an goge shi, in ba haka ba robar ta riƙa lilo a kai.

Ba a sa roba yadda ta fito daga kwali. Ana fiƙe cikinta ya dace da bayan ƙashin wannan mutumin, a sirantar da gefunanta kada su yi layi a fata, a sirantar da ƙarshenta na ƙasa, a yanke ta ta tsaya kafin tsini. Kaurin da aka saba shi ne milimita 2 zuwa 4. Wanda hancinsa ke bukatar fiye da 5, gara a yi masa maganar ɗebo guringuntsin haƙarƙarinsa. Kowace milimita da aka ƙara, fata ce ke biya. Mai ramuka akan jiƙa ta a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin sirinji, a ja iska don maganin ya shiga ramukan. A sake safar hannu, a ɗauke ta da ƙarfe, kada ta goga bakin hanci wajen shiga. Idan tantanin cikin hanci ta yage har aljihun ya haɗu da kogon hanci, likita nagari yakan fasa sa robar a ranar.

Tsini kuma da na jiki ake gina shi. Daga katanga ake fara ɗiba, amma dole a bar mata gefe na sama da na gaba masu faɗin santimita 1 zuwa 1.5, in ba haka ba karan ya rufta. Idan bai isa ba a ɗebo daga kwarin kunne, wanda lanƙwasarsa ta dace da tsini kuma siffar kunnen ba ta canzawa. Idan ana bukatar mai yawa da ƙarfi sai haƙarƙari, galibi na 6 ko na 7. Shi ma da nasa matsalolin: ciwon ƙirji na kwanaki, ɗan haɗarin huda tantanin huhu, da halinsa na lanƙwashewa bayan an fiƙe shi. Tun 1958 likitoci biyu, Gibson da Davis, suka nuna cewa fiƙe shi daidai ta kowane gefe yana rage lanƙwasar. Wasu kuma suna yayyanka guringuntsin ƙanana kamar tsaki, su naɗe a tantanin da aka ɗebo daga gefen kai, su shimfiɗa a kan kara. Da wannan ana iya ɗaga kara ba tare da roba ko kaɗan ba.

A nan akwai lissafin da baƙar fata ke yi wanda Bature bai cika yi ba. Tabo mai tasowa, wanda ake kira keloyid, ba kasafai yake fitowa a tsakiyar fuska ba, amma kunne da ƙirji gidansa ne. Wanda hujin kunne ko kaciya ko tsaga ta taɓa bar masa ƙulli, ko ake da shi a dangi, ya nuna wa likita. Wannan na daga cikin 'yan dalilan ƙwarai da za su sa a zaɓi siririyar roba a kan kara maimakon a buɗe ƙirji.

Roba ba ta buɗe numfashi, ba ta rage faɗin kafafen hanci. Waɗannan ayyuka ne daban, a tambaya ko suna cikin abin da aka yi ciniki.

Jinya

Ana ɗora ɗan garkuwa a kan kara na kwana 5 zuwa 7, zaren waje ma a lokacin ake cire shi. A kwana rigingine, kai a ɗage da matashi biyu, aƙalla mako biyu. Kada a fyace hanci mako biyu, atishawa kuma a buɗe baki. Tabarau kada ya zauna a kan kara mako huɗu zuwa shida. Mai bukatarsa ya manne shi a goshi da filasta. Takunkumi mai waya ma a kula da shi. Ɗaukar kaya mai nauyi da motsa jiki mai tsanani sai bayan wata guda.

Sujada da alwala suna bukatar tsari tun kafin aiki. Sunkuyar da kai yana ƙara kumburi da haɓo a kwanakin farko, danna hanci a ƙasa kuma yana iya ture robar da ba ta kama ba. Shaƙa ruwa da fyacewa suna kai ruwan famfo kan ɗinkin ciki. A tambayi likita kwana nawa, a tambayi malami yadda mai rauni ke yi. Lokacin hunturu kuma ƙura da bushewa suna sa ɓawo ya taru a ciki, hannu ya riƙa kai kansa wurin. Feshin ruwan gishiri na kanti sau da yawa a rana shi ne maganinsa, ba farce ba.

Mafi yawan kumburi yana sauka cikin wata guda, amma siffar ƙarshe sai shekara, mai kaurin fata har wata 18. Tsini ne ke ƙarshen sacewa. Kada a yarda a sake taɓa hanci a wata na uku don tsinin bai fito ba.

Alamun da ba a kwana da su

Ja, zafi, kumburin da ya dawo bayan ya sauka, ciwo mai bugawa, ruwa ko mugunya ko wari daga cikin kafa ɗaya. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu ya yi sheƙi ya ɗauki ɗumi, don haka a gwada da bayan yatsa a kwatanta da kunci. Wannan na iya faruwa a mako na biyu, yana iya faruwa a shekara ta takwas bayan ciwon haƙori ko wani ƙurji da aka matse a hanci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kumburin zai sauka, bayan wata biyu ya dawo, a sake sha. Dalili shi ne ƙwayoyin cutar suna shimfiɗa wata yauƙi a jikin robar su ɓuya ƙarƙashinta, robar kuma ba ta da jinin da zai kai musu magani. Kowane zagaye na kumburi yana barin tabo a ciki, tabon yana tsukewa, har hancin ya gajarce ya ɗage, kafafensa su kalli gaba, fatar ta yi tauri kamar ƙirgi. Gyaran irin wannan hancin yana cikin mafi wuya a fannin, kusan kullum sai da haƙarƙari. Idan gwajin magani na ɗan lokaci a hannun likita bai kashe wutar ba, cire robar ake yi, a wanke aljihun, a bar hancin ya huta wata shida zuwa shekara, sannan a sake gini da na jiki.

Ɗigon fata da ya yi siriri a tsini, ko farin abu da ake hangowa ta cikin kafa, shi ma na gaggawa ne. Robar da aka cire kafin ta fasa fata ba ta barin tabo a waje. Wadda ta fasa takan bar rami a tsakiyar fuska.

Ga masu tafiya Turkiyya, Masar, Indiya ko Dubai, a zauna aƙalla kwana bakwai zuwa goma a cire garkuwa da zare kafin a hau jirgi, kuma tun kafin tafiya a samu likitan tiyatar gyaran jiki ko na kunne, hanci da maƙogwaro a gida wanda ya yarda zai duba ka idan ka dawo. A Najeriya ana iya tabbatar da rajistar likita a hukumar MDCN mai kula da likitoci. Kada a baro asibiti, na gida ko na waje, sai da takardar bayanin tiyata: sunan robar, kamfaninta, lambar kwalinta, kaurinta da tsawonta, inda aka ɗebi guringuntsi da nawa aka bari a katanga. Likitan da zai buɗe hancin nan bayan shekara goma sha biyar yana bukatar sanin ko silikon zai zaro cikin minti goma, ko Medpor zai yi awa biyu yana ɓanɓarowa, da kuma ko akwai sauran abin gini a ciki ko sai ya shirya ƙirji.